Sunan Yanka a Nahawun Ingilishi: Inda Ɗaliban Magarya da Dungas Ke Tuntuɓe

A watan Maris na shekarar 2025 hukumomin Nijar suka fitar da kundin sake gina ƙasa, wanda ya ɗaga Hausa zuwa matsayin harshen ƙasa, ya kuma sa Ingilishi da Faransanci su zama harsunan aiki. Ga mutanen gundumomin Magarya da Dungas, a kudancin jihar Damagaram, Ingilishi ba baƙo ba ne tun kafin wannan doka. Iyakarsu ɗaya da jihohin Katsina da Jigawa na Najeriya. Mai kai dabbobi kasuwar Maigatari, da mai bi ta Babban Mutum ya nufi Kano sarin kaya, da wanda ya kai marar lafiya asibiti a ƙetaren iyaka, duk sukan dawo da takarda ko rasit ko saƙon waya cikin Ingilishi. Yaran da suka shiga kwaleji kuwa tun daga ajin farko suke fara darasinsa, kuma yana cikin jarrabawar BEPC da ta Bakaloriya.

A cikin darasin nan akwai babi ɗaya da ake wucewa da jimla guda: sunan yanka da babban baƙi ake fara shi. Jimlar gaskiya ce, amma ba ta ƙare maganar ba. Wasu sun ɗauka duk kalmar da ke da daraja ta cancanci babban baƙi. Wasu suna zaton ƙa'idar da suka koya a Faransanci ita ce ta Ingilishi. Wasu kuma gani suke idan suna zai shiga jimlar Ingilishi, dole a sauya haruffansa ko ma a fassara shi. Duka ukun kuskure ne, kuma kowanne yana da asalin da za a iya bi a gano.

Ma'anar kalmomin

A nahawu, suna shi ne kalmar da ake kiran mutum ko dabba ko wuri ko abu da ita. Ingilishi na ce masa “noun”, Faransanci na cewa “nom”. Malaman nahawun Hausa sun bambanta suna gama-gari da sunan yanka. Suna gama-gari yana hawa kan kowane abu mai irin wannan siffa: gari, kogi, yarinya, kasuwa. Shi ne “common noun” ko “nom commun”. Sunan yanka kuwa an keɓe shi ga abu guda don a ware shi daga sauran irinsa: Bande, Hadiza, Sahara. An ɗauko lafazin daga sunan da ake raɗa wa jariri ranar da aka yanka masa rago, amma a nahawu ya haɗa har da garuruwa da ƙasashe da koguna da hukumomi da kamfanoni. Shi ne “proper noun” a Ingilishi, “nom propre” a Faransanci. Kalmar “proper” a nan ba ta nufin abin da yake daidai. Daga Latin ta fito, ma'anarta abin da yake na mutum shi kaɗai. Wanda ya karanci nahawun Larabci a zaure ya san wannan rukuni da sunan “alam”.

Babban baƙi shi ne “capital letter” ko “majuscule”, ƙaramin baƙi kuma “small letter” ko “minuscule”.

Misalin da ya fi kusa da mai karatu yana cikin sunan garinsa. Idan aka rubuta “magarya ta yi ƴaƴa bana”, itacen ake nufi. Idan aka rubuta “Magarya ta cika ranar kasuwa”, garin ake nufi. Baki ba ya bambanta su, alƙalami ne ke yi. Ingilishi na da irin waɗannan tagwaye da yawa: “turkey” talo-talo ne, “Turkey” ƙasar Turkiyya, “china” tangaran ne, “China” ƙasar Sin, “march” macin soja ne, “March” watan Maris.

Hanyar ganewa ba ta da wuya. Kalmar da ta amsa tambayar “mene ne wannan?” gama-gari ce. Wadda ta amsa “me ake ce da shi?” sunan yanka ne. Daraja ba ta shiga lissafin. Kalmomi irin su “king” da “mosque” da “teacher” da “government” duk da ƙaramin baƙi suke tafiya a tsakiyar jimla, komai girman sarki ko masallaci a zuciyar mai rubutu, alhali sunan da yaro ya sa wa dokinsa babban baƙi zai ɗauka. Sai an haɗa kalmar da wani keɓaɓɓen abu sannan take tashi daga gama-gari: “a sultan” kowane sarki ne, “the Sultan of Damagaram” kuwa sarauta guda ce.

Yadda harsuna uku suka haɗu a aji ɗaya

Asalin ruɗanin yana cikin tarihin iyaka. Faransa ta kama Zinder a 1899, garin ya kuma zama babban birnin yankin mulkinta har 1926, lokacin da aka mayar da babban birnin Yamai. Yarjejeniyoyin 1898 da 1904 da 1906 tsakanin Faransa da Ingila ne suka raba ƙasar Hausa biyu, sannan kwamitin Tilho da O'Shee ya bi ya shata layin tsakanin 1906 da 1908. Dangi ɗaya, kasuwa ɗaya, amma boko iri biyu.

A kudancin layin, Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa, ya buɗe makaranta a Nasarawa ta Kano a 1909, ya kuma fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa a 1912. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fita a Zariya a 1939. Hausar boko da ta taso a can ta ɗauki al'adar Ingilishi wajen babban baƙi, shi ya sa a littattafan Zariya da Kano ake ganin Litinin, Janairu, Bahaushe, Musulunci. A arewacin layin kuwa lakwal da Faransanci zalla ta tafi, aka kuma rubuta sunayen mutane da na garuruwa yadda suka faɗa a kunnen Bafaranshe. Sai a 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa, a Zinder.

Akwai kuma makarantar allo, wadda yawancin yaran yankin ke fara shiga. Rubutun Larabci da ajami ba su da babban baƙi ko ƙarami sam. Saboda haka yaron Waca ko Malawa ya fara da rubutun da bai san wannan bambanci ba, ya yi shekara shida ta firamare yana koyonsa bisa ƙa'idar Faransanci, sannan a kwaleji a miƙa masa Ingilishi mai haruffa iri ɗaya da na Faransanci amma da wata ƙa'ida dabam. Kuskuren da yake yi ba na rashin kai ba ne. Darasin da ya riƙe da kyau ne yake kai shi inda bai dace ba.

Babban baƙi: inda Faransanci da Ingilishi suka raba hanya

Harsunan biyu sun yarda a kan sunayen mutane da garuruwa da ƙasashe. Daga nan sai hanya ta rabu. A duba wannan jimla ta Faransanci: “Je suis nigérien, je parle haoussa et français, et je vais au marché le jeudi.” Babban baƙi ɗaya ne a cikinta, na farkon jimla. Ga ta a Ingilishi: “I am Nigerien, I speak Hausa and French, and I go to the market on Thursdays.” Bakwai ne a nan. Ma'ana ɗaya, mai magana ɗaya: ɗan Nijar ne, yana jin Hausa da Faransanci, yana cin kasuwa ranar Alhamis.

Ranaku da watanni su ne na farko. Faransanci na rubuta “lundi” da “janvier”, Ingilishi na rubuta “Monday” da “January”. Sai sunayen harsuna: “l'anglais” da “le haoussa” a can, “English” da “Hausa” a nan. Sai siffar da aka ciro daga sunan yanka, wadda littattafan nahawu ke kira “proper adjective”. A nan ne Faransanci ke da ƙa'ida mai lanƙwasa: mutumin kansa “un Nigérien” ne da babban baƙi, amma idan kalmar tana siffanta wani abu sai ta sauka, kamar “un commerçant nigérien”. Ingilishi bai yi wannan rabo ba. “A Nigerien” da “a Nigerien trader” duk babba ne. Addinai ma haka: “l'islam” da “musulman” a Faransanci, “Islam” da “Muslim” a Ingilishi. Wakilin suna “I”, wato ni, ba sunan yanka ba ne, amma al'adar rubutu ta sa kullum babba ne ko'ina ya faɗo.

Sunayen wurare da hukumomi masu kalma fiye da ɗaya suna buƙatar a tsaya a kansu. Faransanci ya saba barin kalmar gama-gari da ke cikin sunan a ƙasa: “le lac Tchad”, “le fleuve Niger”, “le département de Magaria”. Ingilishi na ɗaga ta, domin ta zama ɓangaren sunan: “Lake Chad”, “the River Niger”, “Magaria Department”. Ƙananan kalmomin haɗi irin su “of” da “and” su ne ake bari, kamar a “the Ministry of Education”.

Ɗalibin da aka yi wa gyara a kan waɗannan yakan wuce gona da iri, ya riƙa ɗaga duk abin da ya ga kamar yana da nauyi. To, lokutan shekara ƙanana ne: “rainy season”, “harmattan”, “summer”. Darussan makaranta ma ƙanana ne, “mathematics” da “history”, in ban da waɗanda sunayen harsuna ne. Kuɗi haka: “naira” da “franc”, ko da yake a rasit da allon shago an fi ganin Naira da babban baƙi. Amfanin gona, “millet” da “groundnut” da “sesame”, duk gama-gari ne. Kusurwoyin duniya suna ƙasa idan hanya suke nunawa, kamar “south of Zinder”, suna tashi idan sun shiga sunan yanki sananne, kamar “West Africa”. Kalmomin dangantaka su ma fuska biyu gare su: “my uncle” kawuna ne kawai, “Uncle Sani” kuwa kalmar ta manne da suna ta zama kira.

Kalmar “the”

Wannan matsala ta fi ta babban baƙi nauyi, domin ana jin ta a baki, ba a takarda kaɗai ba. Faransanci na sa ƴar kalmar da ke fayyace suna a gaban yawancin ƙasashe: “le Niger”, “le Nigeria”, “la France”. Ɗalibi sai ya juya ta kai tsaye ya ce “the Nigeria” ko “the France”. Ingilishi ba ya yarda da haka. Sunayen mutane, garuruwa, nahiyoyi da mafi yawan ƙasashe tsirara suke tafiya: “Nigeria”, “France”, “Africa”, “Dungass”.

Amma akwai rukunin da “the” ta zama dole a gabansa. Koguna da tekuna da hamada suna ciki: “the Nile”, “the Red Sea”, “the Sahara”, haka ma “the Sahel”. Ƙasashen da sunansu jam'i ne ko kuma ya ƙunshi kalma irin jamhuriya ko masarauta suna ciki: “the Netherlands”, “the United States”, “the United Kingdom”. Gambiya ma da “The” take rubuta sunanta a hukumance. Jerin duwatsu na ɗauka, “the Aïr Mountains”, amma dutse guda ba ya ɗauka, “Mount Arafat”. Tafki ma ba ya ɗauka, shi ya sa ake cewa “Lake Chad”. Babu wata hikima guda da ta ɗaure waɗannan duka, kuma malamin da ya ce wa ɗalibai wasu sai dai a haddace su gaskiya ya faɗa musu.

Mallaka ma tana bin wannan sawu. “Le livre d'Amina” yakan koma “the book of Amina” a hannun ɗalibi, alhali mai Ingilishi “Amina's book” zai ce.

Nijar, Najeriya, Neja

Babu sunan da ya fi wahalar da mutumin wannan yanki a Ingilishi kamar sunan ƙasarsa. Kalmar “Niger” abu uku take nufi. Ita kaɗai, ƙasar Nijar ce. Da “the” a gaba, yawanci kogin ne. “Niger State” kuwa jihar Neja ce ta Najeriya, mai babban birni a Minna. Wanda ya rubuta adireshi a takardar da za ta shiga Najeriya, gara ya cika shi ya ce “Niger Republic” ko “Republic of Niger”, don kada a nemi Magarya a wajen Minna.

A nan akwai wata togaciya da ya kamata a sani. Takardun Majalisar Ɗinkin Duniya suna rubuta ƙasar da “the Niger”, cikakken sunanta kuma “the Republic of the Niger”. Salon wannan hukuma ke nan. Jaridu da gidajen rediyon Ingilishi da littattafan makaranta “Niger” suke cewa, kuma shi ne ya dace da ɗalibi a jarrabawa.

Sai sunan ɗan ƙasa. “Nigerien” ɗan Nijar ne, “Nigerian” ɗan Najeriya. Harafi ɗaya ya raba su, kuma kama da wane ba ta wane. Wayoyi da kwamfutoci da yawa sukan ja layi ƙarƙashin “Nigerien” ko su mayar da shi “Nigerian” da kansu, saboda na biyun ya fi yawa a rubutun duniya. Mai cika takardar neman makaranta ko aiki ta intanet ya sake duba wannan gurbi kafin ya tura.

A fassara suna ko a bar shi?

Ƙa'idar asali ita ce sunan yanka ba a fassara ma'anarsa. Babban Mutum ba ya zama “Big Man”, Dogo-Dogo ba ya zama “Tall-Tall”, Maigatari ba ya zama mai riƙe da gatari. Ɗanladi da Talatu da Jummai da Asabe sunayen rana ne a asali, amma da zarar an raɗa su sun zama na masu su. Manhajojin fassara na waya kan iya faɗawa wannan rami, musamman idan an rubuta sunan da ƙaramin baƙi, domin babu abin da ya nuna musu cewa suna ne.

Sai dai wasu sanannun wurare suna da tsohon suna a kowane harshe, kuma dole a koyi na Ingilishi dabam. Abin da Hausa ke kira Jamus, Faransanci na ce masa “Allemagne”, Ingilishi “Germany”. Masar “Égypte” ce da “Egypt”. Landan “Londres” ce da “London”. Makka “La Mecque” ce da “Mecca”. Cadi “Tchad” ce da “Chad”. Gajerun sunayen hukumomi ma suna juyawa: CEDEAO ita ce ECOWAS, ONU ita ce UN, OMS ita ce WHO. Ɗalibin da ya rubuta “I want to visit Londres” bai yi kuskuren babban baƙi ba, harshe ya haɗa.

Abin da ya fi taɓa rayuwar mutane shi ne rubutun sunayensu. Faransanci na rubuta sautin “u” da “ou”, sautin “sh” da “ch”, sautin “c” da “tch”, sautin “j” da “dj”, yana kuma ninka “s” tsakanin wasula biyu don kada ta koma “z”. Daga nan aka samu Ousmane da Aïchatou da Chaïbou da Djibo da Moussa, waɗanda a ƙetaren iyaka ake rubutawa Usman da Aishatu da Shuaibu da Jibo da Musa. Elhadj na nan shi ne Alhaji na can. Garuruwa ma haka: Yékoua da Kantché da Matamèye a takardun hukuma, Yekuwa da Kance da Matamai a rubutun Hausa. Dungas kanta ana ganin ta da “Dungass” da kuma “Doungass”.

Ra'ayi ya kasu a kan wannan. Akwai masu cewa tunda Hausa ta zama harshen ƙasa, lokaci ya yi da za a mayar da sunaye bisa ƙa'idar rubutun Hausa, Magaria ta koma Magarya, Issoufou ya koma Isufu ko Yusufu. Hujjarsu mai ƙarfi ce: mai Ingilishi da ya ga “Chaïbou” da sautin “c” zai fara shi, ya ɓata sunan. Akwai kuma masu cewa sunan da ya riga ya shiga takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa da takardar shaidar jarrabawa da taswira ya zama shaida, taɓa shi rikici ne.

Duka biyun suna da gaskiya, amma kowanne a muhallinsa. Sauya suna a hukumance aiki ne na hukuma, kuma ana yin sa. Haute-Volta ta zama Burkina Faso a 1984. Côte d'Ivoire ta nemi a daina fassara sunanta a tsakiyar shekarun 1980. Turkiyya ta sa Majalisar Ɗinkin Duniya ta koma rubuta “Türkiye” a 2022. A Yamai, cikin Oktoba 2024, titin Charles de Gaulle ya koma titin Djibo Bakary. Abin da bai dace ba shi ne mutum ɗaya ya zama Ousmane a takardar BEPC, Usman a takardar asibitin Kano, Usmanu a rajistar layin waya. Nahawun Ingilishi bai nemi kowa ya sauya rubutun sunansa ba. “Ousmane” yana zama daram a jimlar Ingilishi kamar yadda sunayen Faransawa da Jamusawa ke zama.

Maganar Zinder da Damagaram ta ɗan bambanta, kuma yana da kyau a gyara wani zato. Zinder ba ƙirƙirar Faransawa ba ce. Matafiya irin su James Richardson, wanda ya iso garin a 1851, da Heinrich Barth a bayansa, sun rubuta sunan kusan shekara hamsin kafin Faransa ta kama shi. Damagaram sunan masarautar ne, wanda Hausawa ke kiran birnin da jihar da shi. A rubutun Ingilishi na hukuma “Zinder” ake sa wa birni da jiha, “Damagaram” kuma ga sarauta da tarihi.

Inda masana suka saɓa

Masu nazarin Ingilishi kansu ba su gama daidaitawa a kan iyakar sunan yanka ba. Rodney Huddleston da Geoffrey Pullum, a babban littafin nahawunsu da Cambridge ta buga a 2002, sun bambanta “proper noun”, wato kalma guda irin “Zinder”, da “proper name”, wato cikakken suna ko da ya ƙunshi kalmomi gama-gari, irin “the United States”. Akwai kuma masu ganin ranaku da watanni ba sunayen yanka ba ne na haƙiƙa, tunda Litinin tana dawowa kowane mako. A wurinsu al'adar rubutu ce kawai ta ɗaga su, kuma shaidar haka ita ce lokutan shekara, da suke irinsu, an bar su a ƙasa.

Al'adar kuwa tana sauyawa. A ƙarni na 17 da na 18 marubutan Ingilishi sukan ɗaga sunaye gama-gari da yawa, kuma kundin tsarin mulkin Amurka na 1787 cike yake da su. Jamusanci har yau yana ɗaga kowane suna. Denmark ta daina yin haka a 1948. A 2016 kamfanin dillancin labarai na Associated Press ya koma rubuta “internet” da ƙaramin baƙi bayan shekaru yana ɗaga ta. Muƙamai ma gidajen jarida sun bambanta a kansu, wasu “the President”, wasu “the president”, ko da yake duk sun yarda a ɗaga idan muƙamin ya zo manne da sunan mai shi. A irin wannan gurbi abin da ake nema shi ne mai rubutu ya zaɓi salo ɗaya ya tsaya a kansa har ƙarshen takarda.

A cikin malamai kuma akwai masu ganin ɓata lokaci ne a tsaya kan babban baƙi, alhali yaro bai iya haɗa jimla da baki ba, ga shi kuma a WhatsApp da Facebook ba mai kula da shi. Gaskiya ne magana ce gaba. Amma rabin wannan babi, wato “the” da mallaka da sunayen ƙasashe, magana ce. Sauran rabin kuma ƙa'idoji ne ƴan kaɗan da ake iya koyarwa cikin darasi biyu ko uku, idan an jera su kusa da na Faransanci.

Abin da ke biyo baya

Tasirin farko a jarrabawa yake, inda ƙananan kurakurai ke taruwa su ci maki a rubutun insha'i. Na biyu ya fi tsada. Ɗaliban Nijar da ke neman gurbi a jami'o'in Najeriya ko Ghana, ko a makarantun da ke koyarwa da Ingilishi a cikin gida, suna cika takardun da ke tambayar “surname” da “first name”. Takardun Nijar “nom” da “prénom” suka sani, kuma ofisoshi sun saba rubuta na farkon duka da manyan baƙaƙe, su sa shi gaba. Bahaushe kuwa a al'ada sunansa ne sai na mahaifinsa. Idan aka juya gurbin biyu, ko aka sauya harafi, takardar makaranta ba za ta yi daidai da fasfo ba, kuma gyaran yakan ci lokaci da kuɗin mota. “Surname” shi ne “nom”, “first name” ko “given name” shi ne “prénom”, kuma abin da fasfo ko takardar haihuwa ta nuna shi ake kwafewa harafi da harafi.

Idan Ingilishi ya ƙara shiga ofisoshi kamar yadda kundin 2025 ya buɗe masa ƙofa, ma'aikatan ƙananan hukumomi irin su Guci da Kwaya da Dogo-Dogo za su riƙa haɗuwa da wasiƙu da rahotanni cikin harsuna uku. Gundumar Dungas, wadda aka cire daga Magarya a 2011, tana buƙatar rubutun suna ɗaya tsayayye a kowane harshe, don mai neman bayani a intanet ko a rumbun takardu kada ya rasa rabinsa saboda bambancin harafi.

Ga malaman Ingilishi na kwalejojin yankin, hanyar da ta fi kusa ita ce a raba allo gida uku, Hausa da Faransanci da Ingilishi, a rubuta jimla ɗaya a kowanne da sunayen da yara suka sani: garinsu, ranar kasuwarsu, harshensu. Za su ga da idonsu cewa Alhamis da “Thursday” sun tashi tare, “jeudi” ce ta zauna a ƙasa, kuma Hausar boko a wannan babi ta fi Faransanci kusa da Ingilishi. Iyaye kuma su ɗauko takardar haihuwar yaro kafin a yi masa rajistar BEPC, su gwada ta da sunan da ke cikin rajistar makaranta. In akwai bambanci ko na harafi ɗaya ne, a kai maganar ga hukumar da ta bayar da takardar tun yaron bai fita aji ba.